Agogon hannu mai auna bugun zuciya: amfaninsa ga mai hawa keke idan mura ta kama shi

Agogon da zan yi magana a kansa irin baƙaƙen nan ne masu faffaɗar fuska da suka cika shagunan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ƙirar Chana ne, madaurinsa na roba, ana yi masa caji da wata 'yar waya mai maganaɗisu. ₦18,000 na saye shi bayan ciniki. Sunan da ke jikin kwalinsa daban, wanda yake fitowa idan an haɗa shi da waya daban, don haka ba zan kama suna ba. Duk wanda ya leƙa kasuwar zai ga 'yan'uwansa jere a cikin gilashi, kuma aikinsu kusan ɗaya ne.

Hukuncina a kansa shi ne: ya ci kuɗinsa, amma saboda aiki guda ɗaya tak daga cikin ayyuka barkatai da aka jera a bayan kwali. Wannan aikin shi ne auna bugun zuciya lokacin da mutum yake barci ko yake kwance bai motsa ba. Ga wanda keke ne abin hawansa na zuwa neman abinci, wannan lambar tana taimaka masa ya amsa tambayar da ke damun mu duk hunturu: yau da na tashi da mura, in hau ko in jingine keken?

Ni mai kula da sito ne a wani kamfani da ke Bompai, gidana kuma a Na'ibawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 na ajiye babur na koma keke, kuma ba ni kaɗai ba ne, duk mai bin titin Zariya da sassafe ya ga yadda muka ƙaru. Wannan ya sa tambayar hawa ko hutawa a wurina ba irin ta masu hawa don motsa jiki ranar Asabar ba ce. Su idan suka fasa fita, nishaɗi suka rasa. Ni idan na jingine keke, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa zai fita daga kuɗin cefane. Mutumin da yake cikin wannan hali kullum zuciyarsa tana gaya masa "ai mura ce kawai", ko da jikinsa yana faɗin wani abu daban. Abin da nake bukata shi ne shaidar da ba ruwanta da aljihuna, kuma agogon ya zame mini ita.

Idan ka juya bayansa za ka ga wata koriyar fitila tana ƙiftawa. Jini yana shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta buga, jini ya ƙaru a jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke dawowa cikin agogon sai ya ragu. Da wannan raguwa da ƙaruwa yake ƙirga bugun. Shi ya sa yake aiki sosai idan hannu yana nan shiru, ya kuma rikice idan ana jijjiga. Na gwada shi ta hanyar da kowa zai iya: na ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, na ƙirga na minti ɗaya, na kwatanta da abin da ya nuna. A zaune ko a kwance bambancin bai wuce bugu biyu ko uku ba. A kan keke kuwa, musamman inda kwalta ta fashe ko hannu ya yi sanyi da iskar asuba, yakan nuna 95 alhali ina jin ƙirjina yana dukan fiye da haka, ko ya yi tsalle zuwa 170 ina gangara ba na ko taka feda. Ɗaure madaurin da ɗan ƙarfi, sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, yana rage wannan rikicewa amma ba ya kawar da ita.

Bugun zuciyar baligi mai lafiya idan yana hutawa yana tsakanin 60 zuwa 100 a minti, masu yawan motsa jiki kuma nasu yakan yi ƙasa da haka. Sai dai wannan faɗin bai da amfani sosai ga mutum ɗaya. Abin da ke da amfani shi ne ka san taka lambar. Tawa, idan na duba manhajar da ke waya bayan sallar asuba, takan tsaya tsakanin 58 da 62. Sai da na kwana da agogon a hannu na wasu makonni kafin na gane haka, kuma duk wanda ya saya ya yi haƙurin wannan lokacin, don idan ba ka san lambarka ta ranar lafiya ba, ta ranar ciwo ba za ta gaya maka komai ba.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta koya mini yadda zan haɗa wannan lamba da abin da nake ji a jiki. Ta ce, "Yaya, ka duba daga wuya. In ciwon daga wuya ne zuwa sama, majina, atishawa, toshewar hanci, ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro, za ka iya hawa a hankali. In ya sauko ƙasa da wuya, tari daga ƙirji, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, amai ko gudawa, to keke ya huta." Wannan ƙa'ida ce da likitocin 'yan wasa suka daɗe suna amfani da ita, kuma ɓangarenta na farko yana da madogara. A shekarar 1998 masu bincike a Jami'ar Ball State da ke jihar Indiyana ta Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka sa wa masu sa kai ƙwayar cutar mura da gangan. Wasu suka riƙa motsa jiki matsakaici na minti 40, yau a yi gobe a huta, wasu kuma ba su yi ba. Ba a ga bambanci a tsananin murar ko tsawon kwanakinta tsakanin ɓangarorin biyu ba. Ma'ana hawa a hankali da mura ta hanci ba ya ƙara ta, ba ya kuma korar ta. Wannan na biyun ya kamata a ji shi da kyau, don a majalisarmu akwai masu cewa a hau keke da ƙarfi a yi gumi mura ta fita. Ba ta fita ta gumi. Ƙwayar bairos ce, jiki ne yake yaƙar ta, kuma yawanci sai ta yi kwana 7 zuwa 10, tarin ma yakan ɗan wuce haka.

Inda agogon ya shigo shi ne wurin da ƙa'idar wuya take da rauni, wato wurin da mutum shi ne alƙalin kansa. A hunturun da ya wuce mura ta kama ni iri biyu, kuma da safe duka biyun sun yi mini kama da juna.

Ta farko ta zo da atishawa da majina kamar ruwa, hanci ya toshe, amma ina cin abinci, ba kasala. Agogon ya nuna 63. Na hau, na sa giya mai sauƙi, na bar gida da wuri don kada in yi gaggawa, na kuma riƙe abin da ƙanwata ta ce: in har ba zan iya amsa gaisuwa da cikakkiyar jimla ba tare da haki ba, to na yi sauri da yawa. A hawan gadar Dangi na sauka na tura. Na je aiki na dawo lafiya, kuma a gaskiya hancin ma yakan ɗan buɗe a kan hanya, ko da yake yana sake toshewa da zarar na zauna.

Ta biyu ma da atishawa da majina ta fara. Na tashi ina jin zan iya hawa, kai ne kawai ya ɗan yi nauyi. Da na duba, bugun daren ya tsaya a 74, sama da lambata da fiye da goma, ga shi ban sha shayi da daddare ba, ban kuma kwana a makare ba. Na ɗauko ma'aunin zafin jiki, ya nuna 37.6. Bai kai 38 da ake kira zazzaɓi ba, amma yana hanya. Na jingine keke na shiga adaidaita sahu. Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ni, gaɓoɓi suka ɗauki ciwo, tari ya sauko ƙirji. Da na bi abin da nake ji da asuba, da zazzaɓin ya same ni ina da tafiyar dawowa a gabana cikin hazo da hayaƙin motoci. Wannan rana ita ce ta biya kuɗin agogon.

Dalilin da ya sa lambar ke tashi ba ɓoyayye ba ne. Idan jiki ya fara yaƙi da cuta zafinsa yana ƙaruwa, kuma a ƙiyasi duk ƙarin digiri ɗaya na zafin jiki yana ƙara bugun zuciya da kimanin goma a minti. Zuciya ta riga ta shiga aiki tun kafin ka taka feda. Ga kuma ruwan jiki da zazzaɓi ke ƙonewa, ga bushewar iskar hunturu da ba ta bari mutum ya ji ƙishirwa da wuri. Abin da ya fi tsorata ni a bayanin ƙanwata shi ne kumburin tsokar zuciya. Wasu ƙwayoyin bairos da ke fara wa mutum kamar mura suna iya taɓa tsokar zuciya, kuma aikin ƙarfi a wannan hali yana da haɗari, har ga matashi mai ji da ƙarfi. Ba kasafai yake faruwa ba, amma alamunsa ba na wasa ba ne: ciwon ƙirji, bugun zuciya ba bisa tsari ba, haki a kan ɗan abin da ba ya sa ka haki, jiri ko suma. Mai ɗaya daga cikin waɗannan asibiti zai nufa, ba agogo zai tsaya dubawa ba.

To amma lambar ba annabi ba ce, akwai abubuwan da ke ɗaga ta ba tare da ciwo ba. Rashin barci, damuwa, ƙishirwa, cin abinci mai nauyi dab da kwanciya, shayi mai kauri ko goro da daddare, duk na ga suna ƙara mata. Wanda ya fi ruɗar mutum shi ne maganin mura na kemis. Da yawa daga cikinsu haɗi ne na farasitamol da maganin buɗe hanci da maganin tsayar da majina. Na buɗe hancin, wanda za ka ga an rubuta pseudoephedrine ko phenylephrine a bayan kwali, yana iya ɗaga hawan jini, pseudoephedrine kuma yana ƙara bugun zuciya, shi ya sa masu hawan jini ya kamata su tambayi likita kafin su sha. Na tsayar da majinar, chlorpheniramine, yana sa barci. Wannan a ganina ya fi murar kanta haɗari ga mai keke. Mutumin da idonsa ke lumshewa bai kamata ya shiga tsakanin tirela da adaidaita sahu a shataletale ba. Farasitamol kuma yana sauke zazzaɓi ya ɓoye shi, ka ji kamar ka warke alhali maganin ne ke aiki. Don haka nake auna kaina kafin in sha komai, kuma ba na haɗa maganin mura da wani farasitamol daban, tunda akwai shi a ciki, baligi kuma bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba. Antibayotik da wasu ke saya da zarar hanci ya fara zuba ba ya yi wa mura komai, don ba ya kashe bairos.

Akwai abin da agogon ba zai taɓa bambance maka ba, kuma a ƙasarmu wannan babba ne. Zazzaɓin cizon sauro ma yana farawa da ciwon kai da kasala da tashin bugun zuciya. Agogo zai ce maka akwai matsala, ba zai ce maka wace iri ba. Gwajin jini na ɗan tsinke da ake yi a asibitocin unguwa da manyan kemis shi ke raba gardama cikin minti 15 zuwa 20. Haka kuma ƙa'idar wuya tana da iyaka a nan Arewa. Lokacin rani lokacin sanƙarau ne, don haka zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da ƙagewar wuya ba "sama da wuya" ba ne da za a hau keke da shi, gaggawa ce. Mu mutanen Kano kuma ba mu manta da ɓarkewar mashaƙo ta 2023 ba, wadda jiharmu ta fi kowace jiha jin jiki. Ciwon maƙogwaro mai tsanani da kumburin wuya da wahalar haɗiya, musamman ga yaro, ba mura ba ce da za a jira ta wuce.

Yanzu ga abubuwan da ban yarda da su ba a jikin agogon. Yana nuna hawan jini, wai. Na gwada shi tare da na'urar asibiti mai matse dantse, lambobin ba su haɗu ba, kuma kusan kullum abu ɗaya yake nunawa, ko na huta ko na hau bene. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don dattijo mai hawan jini zai iya ganin 120 bisa 80 ya ajiye maganinsa. Yana nuna zafin jiki ma, amma zafin fatar hannu yake aunawa, wadda iskar hunturu ke sanyaya ta. Ranar da ma'aunin gaske ya nuna 38.7, shi 36.5 ya nuna. Saboda haka duk wanda zai sayi agogon nan ya haɗa da ma'aunin zafin jiki na kemis, kuɗinsa kaɗan ne, kuma su biyun tare ne suke aiki. Akwai kuma ma'aunin iskar oksijin a jini. Ko na'urorin asibiti da ake maƙalawa a yatsa, wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna sun fi kuskuren ɓoye ƙarancin iskar a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. In na asibiti yana da wannan rauni, ba zan dogara da na wuyan hannu ba. Wasu irinsa har sukari suke cewa suna aunawa ba tare da huda fata ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Fabrairun 2024 cewa kada a yi amfani da agogo ko zobe da ke wannan iƙirari. Mai shagon da na saya a wurinsa, Allah Ya saka masa, bai yi mini ƙarya ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Yallabai, bugun zuciya da ƙirga taku su ne na tabbata, sauran ka ɗauke su ado."

Batirinsa yana kai ni kwanaki kafin in sake caji idan na kashe sanarwar saƙonni, amma in aka bar shi yana auna zuciya kowane minti biyar kuma yana ƙara ga kowane saƙon WhatsApp, ba ya jimawa. Na saba yi masa caji da yamma kafin isha'i, don daren shi ne lokacin aikinsa. Wayar cajin ba ta da irinta a ko'ina, in ta ɓata sai an koma kasuwa. Fuskarsa ba ta ganuwa sosai a cikin rana. Madaurin roba yana tara gumi da ƙura, ya sa fata ƙaiƙayi in ba a wanke ba. Ina cire shi lokacin alwala, don ruwa ya kai ga fata, kuma don ban yarda da alƙawarin da aka yi na cewa ruwa ba ya shiga ba. Manhajarsa babu Hausa, tana kuma neman izinin shiga lambobin waya da hotuna, abin da ba ta bukata don ta ƙirga bugun zuciya. Na hana ta, kuma tana aiki.

Wani abu da agogon ya nuna mini wanda ban sa rai ba shi ne tasirin hazo. Ƙurar hunturu da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana sa atishawa da majina da bushewar maƙogwaro ko babu wata ƙwayar cuta. A irin waɗannan ranakun hanci yana zuba amma lambar tana nan a 60, sai in gane ƙura ce, in ɗaura takunkumi in hau. Amma ranar da mura ta gaske ta haɗu da hazon da ba ka iya hango gadar da ke gabanka, ko lambar ba ta tashi ba ina ragewa ko in fasa, domin hanci a toshe yake, da baki nake numfashi, ƙurar kuma kai tsaye take wucewa ƙirji. Masu asma su fi kowa kiyaye wannan.

Komawa kan keke bayan zazzaɓi ma da shi na yi. Ƙanwata ta ce in bari zazzaɓin ya sauka aƙalla awa 24 ba tare da magani ba, kuma in jira bugun dare ya dawo kusa da lambata. Zazzaɓin ya riga lambar sauka. Na ji sauƙi, ina cin tuwo, amma agogon yana nuna 68, washegari 66, sannu a hankali. A wannan tsakanin maiɗakina ta riƙe ni da shayin citta da kanumfari da lemon tsami da zuma, da farfesu mai yaji, da sirace da daddare. Ba su kashe mura, amma suna sa a sha ruwa da yawa, suna lallashin maƙogwaro, zumar kuma tana rage tari, sai dai ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Da lambar ta dawo 62 na fara da zagayen unguwa da yamma, sannan na koma hanyar aiki da giya mai sauƙi, ƙarfin ƙafa kuma bai dawo daidai ba sai bayan fiye da mako.

Wa ya kamata ya saya? Wanda yake hawa keke kullum mai nisa, ɗan makaranta ko ma'aikaci ko mai kai kaya, wanda kuma zai iya kwana da shi a hannu ya duba kowace safiya. Wanda yake neman na'urar da za ta kula masa da hawan jini ko sukari ya kai kuɗinsa ga na'urar da aka yi don wannan aikin. Wanda kuma kuɗin agogon ya yi masa yawa, yatsu biyu da agogon waya za su ba shi lambar: kafin ya tashi daga shimfiɗa ya ƙirga bugun na daƙiƙa 30, ya ninka biyu, ya rubuta a takarda. Bambancin kawai shi ne agogon yana ƙirgawa cikin dare duka, ya kuma ajiye maka lissafin makonni a jere. Idan za ka saya, ka sa mai shago ya kunna shi a gabanka, ka ɗaura, ka ƙirga naka da yatsa ka kwatanta. Sannan ka cire shi ka riƙe a iska ba tare da ya taɓa fata ba. Akwai jabu da za su ci gaba da nuna 72 ko babu hannu a ciki, irin wannan ka mayar masa da abinsa tun kafin ka biya.